Tallan caca da giya a shirye-shiryen fodkas: me ya sa masana lafiya suka tsoma baki?

Idan mai gabatar da shirin fodkas ya dakata ana tsakiyar hira, ya yaba wata manhajar caca ko wata kwalbar giya, sannan ya koma kan hirarsa, wannan ciniki ne tsakaninsa da masu sauraronsa, ko kuwa lamari ne da ya shafi lafiyar al'umma, wanda hukuma ke da hurumin shiga? A kan wannan ake ja-in-ja a Amurka da Birtaniya da Ostareliya. Da yawa na ganin talla ai talla ne, ba a sa wa kowa wuƙa a wuya. Masana lafiya kuwa sun ce abin bai tsaya ga hajar da ake tallatawa ba. Bakin da tallan ya fito, da kunnen da ya shiga, da yadda ake biyan mai karanta shi, su ne suka sa tallan fodkas ya sha bamban da na allon bakin titi ko na talabijin. Kuma tunda shirin da aka naɗa a Landan ko New York yana sauka a wayar matashin da ke Kano ko Maraɗi a daren da aka sake shi, maganar ba ta tsaya a can ba.

Mene ne fodkas, ta ina talla ke shiga?

Fodkas shiri ne na murya, wani lokaci haɗe da bidiyo, da ake ɗorawa a intanet kashi-kashi, mutum ya saurara lokacin da ya ga dama ta Spotify ko Apple Podcasts ko YouTube. Ba ya buƙatar lasisin gidan rediyo. Mutum biyu da makirfo da kwamfuta sun isa. A 2024 binciken Edison Research ya nuna kashi 47 cikin 100 na Amurkawa 'yan shekara 12 zuwa sama sun saurari fodkas a watan da ya gabaci binciken, kuma a farkon 2025 YouTube ya sanar cewa sama da mutum biliyan ɗaya ke kallon fodkas a dandalinsa kowane wata. Kuɗin tallan fodkas a Amurka kaɗai ya tashi daga dala biliyan 1.4 a 2021 zuwa biliyan 2.4 a 2024.

Yawancin shirye-shiryen kyauta ake saurarensu, saboda haka talla ne ke riƙe da su. Ana sa shi a farko, ko a tsakiya, ko a ƙarshe, na tsakiya kuma ya fi tsada domin a lokacin mai sauraro ya riga ya nutse. Iri biyu ne. Akwai wanda kamfani ya naɗa tun farko, na'ura ta cusa shi cikin shirin a daidai lokacin da mutum ya danna sauraro. Na'urar tana duba adireshin intanet na wayar ta gane ƙasa ko garin da take, shi ya sa mutum biyu za su saurari kashi ɗaya na shiri ɗaya, kowa ya ji talla dabam. Akwai kuma wanda mai shirin ke karantawa da bakinsa, da salon maganarsa, har ya haɗa da barkwanci ko labarin yadda shi ma yake amfani da hajar. Wannan na biyun kamfanoni suka fi so, shi ne kuma ya fi damun masana.

Yadda kuɗin caca ya kwararo

Mafarin abin a Amurka sananne ne. Ranar 14 ga Mayu 2018 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke dokar tarayya ta 1992 da ta hana jihohi halatta cacar wasanni. Zuwa ƙarshen 2024 ana buga ta bisa doka a jihohi 38 da birnin Washington. A 2024 ɗin Amurkawa sun zuba kusan dala biliyan 150 a cacar wasanni ta halal a idon doka, kamfanoni suka riƙe kimanin biliyan 13.7 daga ciki.

Kamfanonin sun shiga rige-rigen kama sababbin kwastomomi, kuma sun san inda za su same su: samari masu bin wasanni, waɗanda su ne jigon masu sauraron fodkas na ƙwallo. Ba su tsaya sayen minti ɗaya na talla ba, shirye-shiryen suka saye ɗungurungum. A Janairun 2020 kamfanin caca na Penn ya biya dala miliyan 163 ya mallaki kashi 36 cikin 100 na Barstool Sports, gidan da ke da wasu daga cikin manyan fodkas na wasanni a ƙasar. A 2021 kamfanin caca na DraftKings ya ƙulla yarjejeniyar kimanin dala miliyan 50 da shirin ɗan jarida Dan Le Batard, a ƙarshen shekarar kuma kamfanin caca na FanDuel ya ƙulla wata da mai shirin wasanni Pat McAfee wadda aka ruwaito ta kai dala miliyan 120 na shekara huɗu. Da wannan, iyakar da ke tsakanin sharhi da talla ta goge. Masu sharhi suka koma faɗin farashin caca a cikin nazarin wasa, suna ware sashe guda don bayyana "zaɓinsu na mako", kamar dai wani ɓangare ne na labarin wasanni.

Giya ta bi wannan hanyar, har ta zarce. A 2019 kamfanin New Amsterdam ya fitar da barasa mai suna Pink Whitney, wadda ta samo asali daga hirar da aka yi yayin karanta talla a fodkas na wasan hoki mai suna Spittin' Chiclets, aka sa mata sunan ɗaya daga cikin masu shirin. A 2024 'yan wasan ƙwallon Amurka 'yan'uwan juna, Jason da Travis Kelce, masu shirin New Heights, suka sayi babban hannun jari a kamfanin giya na Garage Beer. A irin wannan yanayi mai shirin ba ɗan talla ba ne kawai, mai haja ne.

Muryar da aka saba da ita

Tallan talabijin kowa ya san talla ne: hoto ya canza, murya ta canza, mutum ya tashi ya sha ruwa. Fodkas kuwa cikin kunne yake shiga kai tsaye, mutum shi kaɗai, yana tuƙi ko yana aiki ko yana kwance. Wanda ya shekara biyu yana sauraron mutum ɗaya awa uku a mako ya san dariyarsa, ya san ƙungiyar da yake goyon baya, ya san sunan 'ya'yansa. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da gano cewa irin wannan sabo na gefe guda yana haifar da amana ta gaske, ko da mai maganar bai san da wanzuwar mai sauraron ba. Bambancin kamar na mai shelar magani ne a kasuwa da abokin zamanka a majalisa da ya ce maka "ni ma shi nake sha". Na farko kana jinsa da kunnen mai ciniki, na biyu kuwa ba ka tsaya tantancewa.

Abu na biyu shi ne babu mai gadi a ƙofa. Fasahar da aka gina fodkas a kanta ba ta tambayar suna ko shekaru, abin da mai shirin ke gani a mafi yawan lokuta shi ne adadin saukewa, da ƙasa, da irin waya. Alamar da ke nuna cewa shiri na manya ne, mai shirin ne da kansa yake zaɓar ya sa ko kada ya sa. Talabijin na da sa'o'in da ake hana wasu tallace-tallace saboda yara ba su yi barci ba, amma shirin da ake saurara a kowane lokaci ba shi da dare ba shi da rana.

Na uku, tazarar da ke tsakanin jin talla da aikatawa ta kusan ɓacewa. Wayar da ake sauraron shirin da ita, ita ce ke ɗauke da manhajar caca da ta banki. Wanda ya ga allon talla a titi sai ya isa shago. Wannan kuwa minti biyu ya ishe shi ya buɗe asusu ya tura kuɗi, shirin bai ma ƙare ba.

Wa ke cin riba idan mai sauraro ya yi asara?

Nan ne yawancin mutane ba su san abin da ke gudana ba. Hanya uku ake biyan mai shiri. Ta farko, a biya shi gwargwadon yawan masu sauraro, a Amurka yawanci dala 18 zuwa 25 a kan kowane mutum dubu. Shirin da mutum 20,000 ke saurara zai samu kamar dala 500 a talla ɗaya. Ta biyu, a biya shi wani ƙayyadadden kuɗi a kan duk wanda ya yi rajista ya zuba kuɗi ta amfani da lambar da mai shirin ya faɗa. Wannan lambar da ake cewa "sa ta ka samu garaɓasa", babban aikinta shi ne ta nuna wa kamfani wanda ya kawo kwastoman. Ta uku ita ce mafi muni: a ba mai shirin kamasho daga asarar waɗanda ya kawo, abin da a wannan harka ya saba kamawa daga kashi 20 zuwa 40 cikin 100, wani lokaci har tsawon zaman kwastoman da kamfanin. A ce kamashon kashi 30 ne, mai sauraro ya yi asarar naira 200,000 a shekara, naira 60,000 ta shiga aljihun mutumin da yake ɗauka aboki. Idan kuma wannan mai shirin ne ke ba da hasashen wasannin da za a buga, to ribarsa tana cikin kuskuren hasashensa. 

Lissafin da talla ba ya faɗa

Kamfanin caca ba ya dogara da sa'a. A ɗauki wasan da damar cin kowane ɓangare daidai take. Adalci shi ne duk wanda ya ci a ninka masa kuɗinsa sau 2. Kamfani sai ya ba da 1.90. Mutum biyu suka sa naira 1,000 kowanne, ɗaya nan ɗaya can: kamfani ya karɓi 2,000, ya biya wanda ya ci 1,900, ya riƙe 100. Kashi 5 cikin 100 ke nan, ko wa ya ci.

Abin da masu shirye-shirye suka fi zugawa shi ne dogon tikiti, wato a jera wasanni da yawa, sai duk sun zo daidai a ci. Dalili kuwa shi ne kason kamfani yana hauhawa da kowane wasa da aka ƙara. Tikitin wasa goma irin na sama, damar cinsa ɗaya ce cikin 1,024. Da adalci za a bi, wanda ya sa naira 1,000 zai karɓi 1,024,000. Abin da za a ba shi kimanin 613,000 ne. Shi yana ganin ƙaramin kuɗi zai jawo babba, bai lura kason kamfani ya tashi daga kashi 5 zuwa kusan kashi 40 ba. A tikitin wasa ashirin ya haura kashi 60.

Dogon tikiti yana da wata illar kuma. Sau da yawa wasa ɗaya ko biyu ne ke yanke shi, mutum ya tashi da jin cewa saura ƙiris. Binciken da aka yi ta hanyar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ya nuna wannan "saura ƙiris" yana motsa sassan da cin gaske ke motsawa, yana ƙara kwaɗayin sake bugawa, alhali a lissafi asara ce cikakkiya. Haka ma cacar da ake yi wasa na gudana, a kan wa zai samu kwana ta gaba ko katin gargaɗi: tana mai da wasan minti 90 ya zama damar caca sau da dama, kuma iya saurin juyawar caca, iya haɗarin kamuwa da ita.

Garaɓasar maraba ma da sharaɗi take zuwa. Misali, a ce ka zuba 10,000 a ƙara maka 10,000, amma ba za ka cire ba sai ka juya ta sau goma a tikitin da bai gaza wasa biyar ba. Cacar naira 100,000 ke nan a inda kason kamfani ya kai kashi 23 cikin 100. Garaɓasar za ta ƙare tun kafin a cika sharaɗin, amma asusu ya buɗu, hannu ya saba. Saboda irin wannan ne ƙungiyar kamfanonin caca ta Amurka da kanta ta hana mambobinta amfani da kalmar "babu haɗarin asara" a tallansu a watan Maris 2023, bayan hukumomin jihohi irin su Ohio sun fara cin tara.

Me ya mai da shi batun lafiyar al'umma?

Ana kiran abu batun lafiyar al'umma idan cutarwarsa ta yaɗu a cikin jama'a, ta shafi waɗanda ba su aikata ba, kuma akwai yanayin da ke ingiza ta wanda za a iya gyarawa. Caca da giya sun cika duka ukun.

Jarabar caca cuta ce da likitoci suka amince da ita. A 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya mai da ita sashe ɗaya da shaye-shaye, kuma tana cikin jerin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya. Hukumar ta ƙiyasta kashi 1.2 cikin 100 na manya a duniya na fama da ita, kuma duk mutum ɗaya da cacarsa ta yi tsanani yana jan kimanin mutum shida cikin wahala: mata, 'ya'ya, iyaye, masu bin sa bashi. Kwamitin masana na mujallar Lancet Public Health ya fitar da rahoto a Oktoban 2024 da ya ce manya kusan miliyan 450 ne ke caca ta hanyar da ke cutar da su ko kaɗan, miliyan 80 daga ciki sun kai matakin cuta. A cikin masu cacar wasanni, kimanin kashi 9 cikin 100 na manya da kashi 16 na matasa ne suka kai wannan matakin. Wani bincike a Suwidin ya gano masu wannan cuta sun ninka sauran jama'a sau 15 wajen mutuwa ta hanyar kashe kai. Akwai kuma wata ƙididdiga da ta tona asirin harkar: kimanin kashi 60 cikin 100 na kuɗin da ake asara a caca yana fitowa ne daga aljihun waɗanda cacar ke cutarwa. Ma'ana, ba mai buga naira ɗari don nishaɗi ne ke riƙe da kamfanonin ba.

Amurka ta zama wurin gwaji tunda jihohi ba lokaci ɗaya suka halatta ba. Masu bincike a jami'o'in Kalifoniya sun gano shigar da takardun karayar arziki ya ƙaru a jihohin da suka halatta caca ta waya. Wani binciken da aka buga a 2025 ya nuna neman taimako kan jarabar caca a intanet ya ƙaru da kashi 23 cikin 100 tun bayan hukuncin 2018.

Giya kuwa, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce tana kashe mutum miliyan 2.6 a shekara, kuma mutum miliyan 400 na fama da matsalar shan ta. Tun 1988 aka sa ta a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa ciwon daji, kuma tana da hannu a aƙalla iri bakwai, ciki har da na nono da hanta da hanji. Game da talla, wani nazari na 2009 ya tattara bincike 13 da suka bi matasa sama da 38,000 tsawon lokaci, 12 daga ciki suka nuna cewa iya yawan tallan giya da matashi ke gani, iya yiwuwar ya fara sha, in kuma ya riga ya fara ya ƙara. Shi ya sa hukumar ta sa taƙaita tallan giya cikin matakai mafi araha kuma mafi tasiri da gwamnati za ta iya ɗauka.

Akwai rukunin da ake yawan mantawa da shi: waɗanda suka daina suna fafutukar kada su koma. Mutum zai iya kauce wa mashaya, ya canza hanya don kada ya wuce shagon caca. Amma muryar da ya kunna don ta ɗebe masa kewa, ita ce za ta ambaci abin da yake gudu ba tare da gargaɗi ba. Likitoci sun san irin wannan tunatarwa tana cikin manyan abubuwan da ke mai da mai jinya ruwa.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Kamfanoni na cewa hajarsu halal ce a dokar ƙasashensu, masu sauraron fodkas galibi manya ne, kuma talla ba ya ƙirƙirar sabon mashayi ko ɗan caca, kwastoma kawai yake ƙwacewa daga wani kamfani. Suna ƙarawa da cewa in aka hana masu lasisi talla, mutane za su faɗa hannun shafukan bayan fage da ba su da wata kariya, kuma yawancin binciken da ake kafa hujja da shi a kan talabijin da kafofin sada zumunta aka yi. Masu shirye-shirye su ma suna da tasu: kuɗin nan ne ke biyan ma'aikata, shi ya sa shirin yake kyauta.

Batun shafukan bayan fage gaskiya ne, sai dai maganinsa toshe su da hana bankuna yi musu hidima, ba ƙara yawan talla ba. Cewa talla ba ya kawo sabon kwastoma kuwa ba ta tsayawa, domin garaɓasar da ake shelantawa ta sababbin shiga ce zalla. Gargaɗin "yi caca da hankali" da ake karantowa da sauri a ƙarshen talla yana ɗora laifin a kan mai rauni, ya wanke wanda ya tsara tarkon. Kuma ana iya rayuwa ba da wannan kuɗin ba: jaridar Guardian ta Birtaniya ta daina karɓar tallan caca a duk kafofinta tun Yunin 2023.

Inda doka ta tsaya

Dokokin talla an rubuta su ne don rediyo da talabijin. A Amurka hukumar da ke kula da gidajen watsa labarai ba ta da iko a kan fodkas, abin da ake da shi shi ne wajabcin bayyana cewa an biya ka, sai ƙa'idar da kamfanonin giya da caca suka gindaya wa kansu cewa kusan kashi 74 cikin 100 na masu sauraro su kasance 'yan shekara 21 zuwa sama. A Birtaniya ba a yarda a tallata giya ko caca a kafar da fiye da kashi 25 na masu bin ta 'yan ƙasa da 18 ne ba. Duka ƙa'idojin biyu sun dogara da sanin shekarun masu sauraro, wanda shi ne fodkas ba ya iya tabbatarwa. Ko an cika ƙa'idar ma, shirin da ke da masu sauraro miliyan ɗaya zai iya isar da tallan ga yara dubu ɗari biyu bai karya komai ba.

Wasu ƙasashe sun ɗauki hanya mafi tsauri. Italiya ta hana tallan caca da dokar 2018, Beljiyam da Holan suka taƙaita shi ƙwarai daga 1 ga Yuli 2023. Birtaniya ta hana sa fitattun 'yan ƙwallo a tallan caca daga Oktoban 2022, lardin Ontario na Kanada ya bi sahu a Fabrairun 2024. A Ostareliya kwamitin majalisa ƙarƙashin marigayiya Peta Murphy ya ba da shawara a Yunin 2023 a kawar da tallan cacar intanet gaba ɗaya cikin shekara uku. A fannin giya, Norway ta hana talla tun 1975, Faransa ta taƙaita shi da dokar 1991, Lithuania ta hana a 2018. Amma dokar ƙasa tana tsayawa a iyakarta, tallan da mai shiri ya karanta da bakinsa kuwa yana cikin sautin, duk inda shirin ya je tare za su je.

Ina abin ya shafe mu?

Mai karatu zai iya cewa ai mu an gama magana, Alƙur'ani ya haɗa giya da caca a aya ɗaya a Suratul Ma'ida ya hana, kuma jihohi 12 na arewacin Najeriya na bin shari'a. Gaskiya ne, kuma wannan garkuwa ce babba, musamman a kan giya. Caca ce ta samo hanyar zagaye ta. A Oktoban 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca kusan 30 a Kano, amma manhajar da ke cikin waya ba ta da ƙofar da za a garƙame, ba ta wari, kuma mai bugawa yana iya zaune a tsakar gida ba wanda ya sani. Yawancin samari ma ba sa kiranta caca, "bet" suke cewa, suna ɗaukarta gwada sanin ƙwallo.

Samarinmu na bin gasar Firimiya kamar kowa, gasar da a kakar 2024/25 ƙungiyoyi 11 cikin 20 ke ɗauke da sunan kamfanin caca a ƙirjin rigarsu. Suna sauraron sharhin waje, suna kallon masu barkwanci da masu hasashen wasanni na gida a YouTube da TikTok da Telegram suna raba lambar rajista. Tsarin kamashon da aka bayyana a sama shi ne dai ke aiki a nan. Kuma yayin da shirye-shiryen hira na Hausa ke ƙaruwa, masu su na neman abin da zai biya kuɗin data da kayan aiki, ba a rasa wanda zai zo musu da tayi mai tsoka.

Ta fuskar doka, hukumar kula da tallace-tallace ta Najeriya, ARCON, da aka kafa da dokar 2022 tana da ikon tantance duk tallan da za a nuna wa 'yan Najeriya, har da na intanet, ta ma kai kamfanin Meta, mai Facebook, kotu a 2022 tana neman naira biliyan 30. Sai dai bin dubban shirye-shirye ɗaya bayan ɗaya aiki ne ja. A Nuwamban 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa kula da caca hurumin jihohi ne, dokar tarayya ta 2005 ba ta aiki sai a Abuja. Wannan ya bai wa jihohin da suka hana ƙarfi a kan shaguna, amma talla da manhaja ba su san iyakar jiha ba.

Haramcin yana da wani gefen da ya kamata a faɗa a fili: kunya tana sa wanda ya kamu ya ɓoye har sai jari ya ƙare, ko an sayar da babur, ko an taɓa kuɗin amana. Wa'azi na hana shiga, amma wanda ya riga ya kamu magani yake buƙata tare da nasiha.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Likitoci na duba alamomi tara, in huɗu suka bayyana cikin shekara guda ana ɗaukar abin ya zama cuta. Waɗanda iyali suka fi saurin gani su ne ƙara yawan kuɗin da ake sawa, komawa don a fanshe asarar jiya, ƙarya a kan inda kuɗi ya tafi, fushi da rashin sukuni in an yi ƙoƙarin dainawa, da cin bashi don toshe rami. Matakin farko shi ne raba mutum da hanyar kuɗi: a rufe asusun cacar ta hanyar zaɓin haramta wa kai shiga da kamfanoni masu lasisi ke da shi, a goge manhajar, a rage iyakar abin da za a iya turawa a rana daga banki, wani amintacce ya riƙe katin na ɗan lokaci. Biya masa bashi ba tare da waɗannan ba yakan sake buɗe masa fili ne kawai. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, da sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, suna duba matsalolin jaraba, kuma maganin da ya fi tabbata a kan caca shi ne zaman gyaran tunani da ɗabi'a tare da ƙwararre.

Mai shirin da ba ya son irin wannan talla ya shiga shirinsa, bai isa ya ƙi karantawa da bakinsa ba. Kamfanonin da ke ɗaukar nauyin ajiye shiri suna cusa talla da na'ura, saboda haka sai ya shiga saitin asusunsa ya toshe rukunin caca da na giya, haka ma a YouTube, sannan ya saurari shirin daga wata wayar ya ji abin da ake sawa. Hukumomi kuwa, wurin da ya fi sauƙin kamawa ba dubban masu magana ba ne, kamfanonin da ke biyansu ne, domin su kaɗan ne kuma lasisinsu na hannun gwamnati. Ana iya sa wa lasisin sharaɗi uku: a hana biyan kamasho daga asarar kwastoma, a hana shelar garaɓasar rajista a duk kafar da ba ta tantance shekaru, kuma kamfani ya ɗauki alhakin duk abin da wanda ya ba lamba ya faɗa da sunansa.